Murfin Akwatin Orville

Cuku ta tarar a kan allon. An yayyanka shi, an jera da inabi da gutsattsarin nama, an kuma shafe katakon da man zaitun har yana ƙyalli.

"Wa ya ɗauko wannan daga gareji?" in ji Doreen.

"Ni ce," in ji Tammy, matar ɗan gidan, baki cike. "Kin ga har da ɗan shinge a gefe, cuku ba ya zamewa."

Doreen ta ƙura wa allon ido. A kan allon nan maƙwabcinta Orville Gaudet yake ɗora katako, ya kwantar da randar feƙe katako a gefenta ya riƙa turawa har bakin katakon ya miƙe sak. Shi ya koya mata aikin bayan rasuwar mijinta. Kuma bakin katako in ya taɓa mai, gam ba ya kama shi.

Mai allon yana falo a gadon asibiti, numfashi da ƙyar. Bai mutu ba tukuna, amma 'ya'yansa sun riga sun liƙa takardu masu sunayensu a jikin agogo da kujeru, har da fitilar da ke haska masa fuska. Biki wan shagali ake yi, ƙwallon ƙanƙara a talabijin, kowa da faranti a cinya.

Ta juye cukun a tebur, ta rungumi allon.

"Haba Doreen, abinci ne fa," in ji Curtis, babban ɗan.

"Ubanka ya haɗa akwatin da za a binne shi da hannunsa, saura murfi. Na yi masa alkawarin ƙarasawa."

"Akwatin dankalin nan? Mun riga mun zaɓi na ƙarfe, mai katifa. So kike mutanen coci su ce mun yi wa tsoho rowa?"

"Da ka riƙa zuwa duba shi, ai da ba su ce ba."

Ba ta jira amsa ba. A gareji ta kankare man, ta goge da tsumma, tana yi tana tsaki. Sannan ta ɗora falankin farko. Randa ta riƙa tafiya tana dawowa, sassaƙe na fita siriri yana nannaɗewa. Ta yi na biyu, ta haɗa bakunan, ta ɗaga su saitin taga. Haske ya ratso ta tsakiya kamar zare. Ta sake kwantar da randa.

Da yamma ta kinkimo falankan biyu har falo, ta ture ƙafar wani jika daga hanya, ta haɗa su a gaban tagar Orville.

"Baba, duba."

Ya daɗe yana kallo. "Babu haske," in ji shi. Sai ya shinshina iska. "Ƙanshin me nake ji?"

"Zaitun. Kada ka tambaya."

Ya so yin dariya, tari ya hana. "Sa masa gam, 'yar nan. Kada ki matse da yawa."

Washegari da hantsi Orville ya cika, Tammy na tambayar ko akwai wanda ya ga makullin motarsa.

A na ƙarfen suka binne shi, mai hannayen ruwan zinare. Curtis ya yi jawabi a kan yadda babansa ke son katako, har da share hawaye. Doreen ta dubi takalmanta don kada ta tofar da yawu a coci.

Bayan an watse Tammy ta same ta a gareji. "Akwatin nan, in ba kya so, zai yi kyau da furanni a ƙofar gida."

"Fita."

Ta ja ƙofa ta rufe. Akwatin na kan benci, babu kowa a ciki. Ta ɗora murfin da ta haɗe da gam a hankali, ta shafa tafin hannu a kai tana neman inda falankan suka haɗu, ba ta samu ba.