Ratsin Baƙin Lalle

Karo na uku ke nan akuyar ta sa kai ta tunkuɗe ɗanta, ya faɗi jikin turke yana kuka. Labaran ya sake ɗauko shi ya tura ƙarƙashin hantsarta. Ta sansana shi, ta yi atishawa, ta juya baya.

Akuyar ta matarsa Yelwa ce, daga Kausani ta zo da ita. Bakin Labaran ne ya jawo komai. Wata huɗu baya, a majalisar mai shayi ta bakin kara, kasuwar dabbobi, Ɗayyabu mai allurar dabbobi ya ce roɗi-roɗi da ratsi gado ne, tun a ciki launi ke bazuwa a fata, inda bai kai ba ya zauna fari. Labaran ya ce ƙaryar boko ce, abin da uwa ta yawaita kallo shi take haifa. Har ya rantse zai sa akuya ta haifi mai zanen jakin dawa.

Tun daga ranar ya rataya barguna masu ratsi kewaye da turken. Akuya ta kalla, ta cinye gefen ɗaya, jiya da la'asar ta haifi ɗa fari fat kamar auduga.

Da safe Yelwa na fita gidan suna ya ɗauko baƙin lallenta da tsinken tsintsiya, ya zana wa ɗan ratsi. Aiki ya yi kyau, har Garzali maƙwabci ya leƙo ta katanga ya ɗauki hoto. Abin da Labaran ya manta shi ne, akuya da hanci take gane ɗanta.

Yelwa ta dawo ta tarar da su. Ta dubi ɗan, ta dubi yatsun mijinta baƙi ƙirin.

"Malam, kai ma bargon ka kalla?"

Ya fara kame-kame, ta katse shi. Ta ce tun safe ɗan bai sha nono ba, cikinsa ya lafe, in ya kai magariba a haka sai dai a haƙa rami. Ya roƙe ta ta bari 'yan majalisa su gani tukuna, suna hanya.

"To zaɓi. Ko ka wanke shi, ko ka bi mu Kausani ka yi wa Baba bayanin jakin dawa."

Haka Ɗayyabu da mutum biyar suka yi sallama suka iske shi tsugune gaban baho, yana cuɗa ɗan akuya, ruwa ya koma kamar na marina. Ɗayyabu ya tattare hannun riga, ya tatso nonon uwar ya shafe ɗan da shi tun daga kai har wutsiya. Akuya ta sansana, ta yi jim, ta fara lasa. Ɗan ya kama nono yana kaɗa jela.

"Ka ga, abin da uwa ta sansana shi take shayarwa," in ji Ɗayyabu. Sai a lokacin dariya ta ɓarke.

Ana cikin haka wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata mata mai tabarau ta fito da akwatin allurai, tana nuna hoton da Garzali ya ɗauka ya yaɗa a waya. Ta ce daga jami'a take, ɗiban jini ta zo yi, ɗalibanta talatin suna baya a bas.

"Wane ne Malam Labaran a cikinku?"

Hannu shida suka nuna baho.