Kunyar 'Yar Fari

Kowa a gidanmu ya san ni Shafa'atu ba ni da haƙuri, ni ma ban taɓa musawa ba. Amma abin da ya faru ranar Talatar nan a Gaya, ko mai sanyin hali ne sai ya tafasa.

Muslima 'yar yayana Lurwanu ce, shekararta bakwai, tana da sikila. In hadari ya fara haɗuwa a ƙauyenmu na bayan Kademi, mutane na murnar shuka, mu muna zullumi, don sanyin ruwan farko ke tayar mata da ciwon ƙashi. Ciwon nan ne ya ɗauke ƙaninta Mu'az bara, a kan babur, ba a ma kai asibiti ba.

Saura 'yan makonni damina ta faɗi mai unguwa ya yi sanarwa cewa wasu likitoci masu bincike sun zo daga Kano, sun ari ɗaki a wani ƙaramin asibiti a Gaya, suna neman yara arba'in masu sikila don gwada wani magani. Na je na ji bayani da kunnena. Ba su yi wa kowa alkawarin warkewa ba. Sun ce wasu yaran za a ba su sabon maganin, wasu wanda aka saba, kuma duk wanda bai gamsu ba yana iya janye ɗansa. Amma kowane wata likita zai duba yaro a auna jininsa, har shekara biyu, in ciwo ya tashi kuma akwai lambar da za a kira. Muslima kuwa likita bai taɓa ganinta da ƙafafunta ba, kullum ranga-ranga ake kai ta.

Yaya Lurwanu na ci-rani a Fatakwal. Ya ce a waya, "Ku kai ta." Ranar Talata, ranar rufe ɗaukar suna, muka cika adaidaita: ni, Muslima, Inna mahaifiyarmu, da Hure matar Yaya.

Hure ce ta haifi Muslima, 'yar farinta ce, kuma gidanmu gidan alkunya ne na gaske. Tun da aka yaye yarinyar Inna ta ɗauke ta. Hure ba ta kiran sunanta, ba ta zama kusa da ita a gaban mutane, in ta kama dole sai ta ce "ta Inna". Muslima ma "Yaya Hure" take ce mata. Amma in ciwo ya tashi, ni na san mai dafa ruwan gasa mata jiki ta miƙo min ta bayan zana ta ce, "Kai musu."

Mun tarar da layi har bakin ƙofa, wasu daga Ajingi suka yi sammako. Sai bayan azahar aka zo kanmu, saura gurbi biyu. Ma'aikaciyar da ke rubutu, Sista Zulfa, 'yar birni ce, daga ganinta ta gaji. Ta duba katin gwajin Muslima ta ce ya yi. Sannan ta ɗaga kai.

"Wace ce mahaifiyarta?"

Inna ta gyara zama ta miƙa ɗan yatsa. "'Yata ce. Kawo in dangwala."

"Iya, ke kika haife ta?"

"Ni na raine ta."

"Allah ya saka. Amma uwa ko uba nake nema." Ta dubi Hure. "Baiwar Allah, ko ke ce?"

Hure ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai.

"'Yarki ce?"

"Tasu ce," in ji Hure, da ƙyar muka ji.

Sista Zulfa ta ja layi a takarda, ta tura katin gefe ta ce, "Na gaba!"

Wallahi ji na yi kamar an watsa min barkono. Na dafe teburin. "Wane na gaba? Ke ba Bahaushiya ba ce? Ba ki taɓa jin kunyar ɗan fari ba? Dubi goshinsu mana, ko makaho ya shafa ya san uwa da 'ya ne!"

"Na taɓa ji," ta ce. "Amma ba goshi zan rubuta ba. Na tambaye ta ta ce ba tata ba ce."

"Ni gwaggonta ce, na ce miki ita ce uwar!"

"Ba ke zan tambaya ba. An taɓa ɗura wa yaran mutane magani ba a nemi yardar iyayensu ba, har yau ana tsine wa masu irin aikinmu saboda haka. Ba za a maimaita a hannuna ba. Ta faɗa da bakinta, ta faɗi sunan yarinyar, ta ce ta yarda. Ke nan."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiyarta. Ina so in zage ta, na rasa ta inda zan kama. Kafin in gama huci an rubuta wani yaro daga Ajingi. Saura gurbi ɗaya, ga wata mata a bayanmu da ɗanta a kafaɗa tana leƙe.

Na juya kan Inna. "Inna, don Allah ki ɗan fita waje. A gabanki ba za ta iya ba."

"In fita don me? A gidanmu ba a taɓa yi ba. Ni kin taɓa jin na kira sunan yayanki?"

"Yayana lafiyarsa lau, yana Fatakwal yana tura baro! Wannan fa? Kunyar ce za ta ƙara mata jini in ruwa ya sauka? Mun binne Mu'az da kunyarmu cif, ta hana shi tafiya?"

"Shafa'atu, ni kike ɗaga wa murya a cikin mutane?"

Na ɗaga, kuma ban ji daɗi ba, amma ban janye ba. Muslima ta maƙale a jikin bango tana kallonmu da idanunta masu ruwan ɗorawa. Sista Zulfa ta yafito matar da ke bayanmu.

"Muslima."

Ban gane muryar ba da farko. Hure ce, ta sauke mayafin.

"Sunanta Muslima Lurwanu. Ni na haife ta, ranar Laraba, ana yankan gero. Na yarda. Amma ki karanta min takardar tukuna, daga farko. In maganin ya ba ta wahala zan iya ɗauke ta?"

"Duk ranar da kika so," in ji Sista Zulfa, ta jawo katin.

Ta karanta mata layi-layi. Hure ta yi tambaya uku da ni mai bakin ko tunaninsu ban yi ba, sannan ta dangwala. Inna ta tashi ta fita, har yau kuma ba ta amsa gaisuwata da kyau.

A hanyar komawa Inna ta juya fuska tana kallon gonaki. Muslima na tsakiya, da auduga manne a hannu inda aka ɗebi jini. Mun kusa Kademi ta taɓo gwiwar uwarta a hankali.

"Yaya Hure," ta ce, "ashe kin san sunana?"