Ƙahon Bushta a Dandalin Maƙeran Tagulla

Wanda ya fara ɗauko waƙa daga bakin titi a cikinmu shi ne malaminmu, Si Larbi Mazwar na Tanja, a shekarar da ƙasarmu ta sami 'yanci. Ya zauna yana sauraron ƙararrawar mai sayar da ruwa har rana ta take, sannan ya koma ya busa ta a ƙaho. Tun daga ranar ƙa'idarmu ta kiɗan jaz ta tsaya: ba a ƙaga waƙa a ɗaki, zuwa ake yi inda take a ji ta da kunne. Cikin ɗalibansa mu biyu muka rage, ni Driss mai piyano, da Bushta mai ƙahon sakso.

Bayan rasuwar Zuhur, matar Bushta, wata mawaƙiya mai suna Gita ta zo nemanmu. Tana da ƙungiyar kiɗan rok, tana son dattawa biyu a bayanta a zagayen garuruwa. Bushta tambaya ɗaya ya yi, ko za a bi ta birnin Fas. Aka ce can za a rufe. Mahaifin Zuhur, Ma'allam Tuhami, maƙerin tagulla ne a Fas, cikin amon guduma ta tashi, kuma Bushta bai taɓa yi mata waƙa ba tana raye, yanzu can yake son ya ɗauko mata ita. Shi kaɗai ba zai iya shiga garin ba, sai dai aiki ya kai shi. Ya amsa, ni ma na bi shi.

Zagaye ba shi da wani labari. Bas, ɗakin otal, miyar wake da safe, gwajin lasifika da la'asar, ihun jama'a, sai kuma bas. Yaran ƙungiyar suna barci baki buɗe, mu muna kallon itatuwan zaitun. Piyanona yana can ƙarshen dandamali. Bushta kuwa an tsayar da shi gaban lasifikar Nufal mai jita, lasifikar da ta fi shi tsawo.

A Kasabalanka Gita ta miƙa masa toshen kunne na roba.

"Baba Bushta, saka mana, don girman Allah."

"'Yata, Si Larbi bai taɓa toshe kunne a gaban masu sauraro ba."

"Si Larbi bai taɓa tsayawa gaban wannan mahaukacin ba."

Nufal ya yi dariya. "Ƙyale shi, Gita. Kakana ma haka yake, kana masa ihu yana cewa ka daina raɗa."

Bushta ya gode mata, ya sa robar a aljihu.

A Rabat ya ce sauro ya shiga kunnensa. A Maknas ya makara wajen shiga kiɗa, abin da ban taɓa gani ba tun muna samari. Gita ta sa aka mayar da shi kusa da ni. Bai yi gardama ba.

Da hantsi muka gangara tsohon birnin Fas. Duk wanda ya san lungun ya san amon maƙera shi ke tarbar mutum tun kafin ya ga dandalinsu. Ina jin sa har a haƙorana, sai Bushta ya tsaya.

"Driss, sun tashi daga nan ne?"

Muka sha kwana. Ga su a jere, guduma na tashi tana sauka. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a kan dakali. Aka kawo shayin na'ana'a, ya huce a hannunsa.

Wani tsohon maƙeri ya gane shi. "Surukin Ma'allam Tuhami! Ina ka shige?" Bushta ya yi masa murmushi irin na wanda bai ji ba. Ya nuna babbar tukunyar da tsohon yake bugawa, ya ɗora tafinsa a gefenta. Tsohon ya ci gaba da aiki. Na ga ƙafar Bushta ta kama bugun.

"Bugun ya zo," in ji Bushta. "Muryar ce babu. Sama take ko ƙasa?"

Na sa baki a kunnensa na hagu. "In rera maka?"

Tsohon ya juya tukunyar, Bushta ya girgiza kai.

"A'a. In ka rera, waƙar taka za ta zama."

Muka koma otal. Da yamma ya yi busarsa yana kallon hannuna don ya bi kiɗan, jama'a suka yi ihu kamar kullum.

Ga abin da zagayen ya bari. Gita ta yi suna, kuma ta cancanta. Nufal ya daina wasa da mu, yana gaishe mu da hannu biyu. Likita ya ce kunnen dama ya tafi, na hagu saura rabi. Bushta ya dawo da bugu ba murya, yana yin sa da yatsu a kan teburin shayi, kuma bai sa masa suna ba. Ƙahon yana cikin akwatinsa, yana goge shi ranar Juma'a.