Igiyar Pil-gu

Ok Dong-ryeol, kai ka kayar mini da ɗa, kuma da ya faɗi ba shi ka fara taɓawa ba, agogonka ka fara taɓawa. Kada ka ce labari aka ba ni. Ina tsaye a bakin titin tashar jiragen kamun kifi da gorar ruwan zuma a hannuna. Na ga gwiwar Pil-gu ta daki ƙarfe, na ji ƙarar, na ga ka saki igiyar da ke tsakaninku ka danna agogo don ya tsaya. Sai bayan nan ka sunkuya.

Ni ce Cheon Mal-sun, mai busasshen kifi a kasuwar Tongyeong. Duk 'yan ƙungiyarku ta masu gudu sun san ni, don babu wanda bai ci naɗin shinkafata ba. Da kai nake magana, da shugaban ƙungiyarku Tak da ya kawo ka gidana.

Pil-gu walda yake yi a wurin ƙera jiragen ruwa kafin ciwon suga ya cinye masa ido. Matarsa ta yi iya haƙurinta ta tafi, ban zage ta ba. Ya dawo wurina, ya shige ɗakin baya ya ja ƙofa. Shekaru ina ajiye masa abinci a bakin ƙofar nan kamar mai ciyar da ɗan kurkuku. Ba daɗi, amma mun saba. Ban je na roƙi kowa komai ba. Ku kuka zo, kai da Tak, da rigunanku ruwan ɗorawa iri ɗaya da cinyoyinku a waje.

Tak ya rusuna ya ce, "Mama, aro muka zo. Ki ara mana ɗanki ranar Lahadi."

Na ce, "Ku yi miya da shi?"

"Gudu za mu yi."

"Da makaho? Ku da kuke da ido bibbiyu, me kuka taɓa kamowa a gudun naku?"

Sai na ji dariya daga ɗakin baya. Na manta yadda dariyarsa take. Dalilin da na bar ku kuka cire takalma kuka shigo ke nan.

Kai ka nuna mini igiyar. Guntuwa ce, an ƙulla bakinta biyu ta zama zobe, ka riƙe gefe ya riƙe gefe. Ka ce, "Mama, daga yau ni ne idonsa. Rami, tudu, kwana, duk sai na faɗa masa kafin ƙafarsa ta kai. Bakina ba zai rufu ba sai mun tsaya." Da bakinka ka faɗa, a kan tabarmata.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kun fito da shi. Da asuba za ka ƙwanƙwasa ka ce, "Yaya, idonka ya iso!" Shi kuma ya ce, "Idon nan nawa kullum a makare." Ya fara da tafiya, ya koma sassarfa, ya koma gudu. Faratan ƙafarsa suka yi baƙi suka zube, yana nuna mini su kamar lambar yabo. Daga nan kuka ce gudu kaɗai bai isa ba, ku mutanen ƙarfe ne, sai an yi iyo a teku, a hau keke, sannan a yi gudu, duk a yini guda. Kuka ɗaura masa igiya a ƙugu kuka shiga ruwa da shi. Kuka samo keke mai sirdi biyu, kai a gaba shi a baya. Na ce wannan hauka ce, amma likita ya ce sugansa ya sauka, sai na ja bakina.

Kowace Lahadi bayan gudu kuna cika gidan miyar kifin da ke bayan kasuwa. Na sha leƙowa. Pil-gu a tsakiya, ana zuba masa giya yana turewa, ana tsokanarsa yana ramawa.

Wani ya ce, "Pil-gu, yaya ka yi da tudun nan na yau? Mu ya kusa kashe mu."

Ya ce, "Ku da kuke ganinsa ai dole ya kashe ku. Ni sai da muka sauko aka gaya mini akwai shi."

Kai kuma ka ce, "Yaya, ka riƙa ragewa mana. Ƙafafunka ba su gaji ba, amma idonka ya gaji."

Hotonsa kuka buga a ƙyallen ƙungiya, babba, har da igiyar. Duk gasar da kuka je sai kun baza shi.

Ranar babbar gasar kaka, ya fito daga teku lafiya, ya sauka daga keke lafiya. Saura gudun. Tun saura sati kuke ta maganar wani tarihin sauri da kuke so ku kafa, wai ba makahon da ya taɓa yi a gasar. Ni ban san kan lissafinku ba, kuma ba na so in sani. Abin da na sani, da kuka ɓullo kwanar tashar jirage na ɗaga hannu ina kiran sunansa, bakinka a rufe yake. Idonka na kan wuyan hannunka. Ga turken ƙarfen da ake ɗaure jirage a gefen hanya, tun ina yarinya yake wurin, kowane kare a garin nan ya san shi. Kalma ɗaya ce, "dama". Ba ka faɗa ba.

A asibiti kuka zo ku duka da kwalin 'ya'yan itace, kuka jeru kuka rusuna har goshinku ya kusa taɓa gado. Ka yi kuka. Pil-gu ya lalubo kanka yana shafawa, yana cewa, "Kai, ido ma yakan ƙifta." Na ce maka a gabansu na ga ka danna agogo. Tak ya yi wuf ya ce, "Mama, hannu ne ya saba. Duk mai gudu haka yake, ko mota ce ta buge shi sai ya tsayar da agogo." Har wasu suka yi murmushi. Ka ji fa. Wai wannan shi ne ba da haƙuri.

An sa masa ƙarfe a gwiwa. Sanyi ya zo ya wuce. Likita ya ce gasa kam ta ƙare, amma tafiya da 'yar sassarfa dole ne ma ya riƙa yi, in ba haka ba sugan zai dawo ya ci ƙafar. Ran Lahadi ta farko bayan maganar likita ya tashi da asuba, ya sa rigar ƙungiya, ya ɗaura takalmi, ya zauna a dokin ƙofa da igiyar a hannu. Gari ya waye. Rana ta fito. Ya ce, "Ƙila bai ga saƙona ba." Lahadi ta gaba ya ce, "Aiki ya yi masa yawa a ofis." Ta gaba ya ce akwai alamar ruwa. Babu ko gajimare, amma ban gaya masa ba.

Da na gaji da kallon bayansa, sai na kama ɗaya gefen igiyar na ce mu je. Ni da bayana a tanƙware, da gwiwoyin da suka gama aiki a kasuwa. Muka kama hanyar bakin teku. Taku kaɗan in tsaya in yi haki.

Ya ce, "Mama, wai wa ke jan wani?"

"Rufe mini baki, ga kashin kare nan, ɗaga ƙafa."

"Wace ƙafar?"

"Ka riga ka taka."

Ya yi dariya, amma ba irin waccan ba.

Sai na wanke hannu wata Lahadi na same ku a gidan miyar kifi. Cokula suka tsaya. Tak ya miƙe yana cewa a kawo wa Mama kujera. Na ce ba zama ya kawo ni ba, wa zai zo ya riƙe wa ɗana igiya? Ba gasa nake nema ba, ko zagaye ɗaya ne a hankali.

Tak ya ce, "Mama, ki fahimce mu. Nan kowa sa kai yake yi, ba na iya tilasta wa mutum. Kuma yanzu kowa na shirin gasar bazara, in mutum ya koma tafiyar hawainiya duk horonsa ya lalace."

"Lokacin da kuka zo aro, ka ce mini sai mai sauri kuke so?"

Sai kai, Dong-ryeol, ka durƙusa a gabana, ka miƙo mini hannuwanka ka ce, "Mama, dubi yadda suke rawa. Tun ranar nan ban iya riƙe igiya ba. Ina jin tsoro. Ba zan sake iya zama idon kowa ba." Na duba, da gaske suna rawa. Na juya na tafi, har ina jin tausayinka a hanya. Tir da ni.

Ba a yi wata guda ba, ina jan Pil-gu a hanyar bakin teku da safe, sai na ji takun mutane da yawa a bayanmu. Rigunan ruwan ɗorawa. Kai ne a gaba, da igiya sabuwa a hannunka, ɗaya gefen a hannun wani dogon saurayi makaho mai ƙafafu kamar na barewa. Daga nesa ina jin bakinka: "Gangara, rage, kwana hagu." Da ka hango mu sai ka yi gum. Ka ɗan sunkuyar mini da kai, ka wuce ta gefensa, kusa har iskarka ta kaɗa masa riga. Sauran ma duk suka haɗiye muryoyinsu suka wuce kamar masu raka gawa. Kun ɗauka tunda ba ya gani, in kun yi shiru ba ku wuce ba.

Pil-gu ya tsaya cak. Sai da takunku ya ɓace ya ce, "Ya daina jan ƙafar hagu. Na sha gaya masa ya gyara."

Na ce, "Ba shi ba ne."

Ya ce, "Mama, mu koma gida."

Tun ranar bai sake ɗaura takalmi ba. Ya koma ɗakin baya ya ja ƙofa, ina ajiye abinci a bakinta. Da can bai san abin da ke waje ba, yanzu ya sani. Yatsun ƙafarsa sun fara mutuwa, in na matsa ba ya ji. Igiyar kuwa na ɗauke ta daga ɗakinsa na cusa a ƙasan buhun kifi a rumfata. Guntuwa ce, ba ta isa ya cutar da kansa da ita ba, na sani. Duk da haka na ɓoye ta. Ni na tsufa, nauyin tiren abincinsa ma ya fara fin ƙarfina, kuma in na faɗi babu mai ajiye shi.

An ce kun sauya hoton da ke kan ƙyallen. Ku sauya, ba hoto nake bi ba. Kwalin 'ya'yan itace ma kada wanda ya sake kawo mini, a kwata zan zubar.

Tak, kai ka ce aro. Abin aro yadda aka karɓe shi ake mayar da shi, ko a tsaya a yi bayani. Dong-ryeol, kai ka ce bakinka ba zai rufu ba sai kun tsaya, ka rufe shi sau biyu. Ka san gidan, ka san ƙofar. Ka zo ka tsaya a bakinta, ka cire agogon nan, ka kira shi Yaya yadda ka saba, ka gaya masa da bakinka dalilin da ka wuce shi ka yi shiru. Ba ni za ka amsa wa ba, shi za ka amsa wa. In kuwa ba ka zo ba, kowace Lahadi za ku same ni zaune a ƙofar gidan miyar nan da igiyar a cinyata, sai ɗayanku ya fito ya amsa.