Asusun Ƙarfe

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Wannan ne ya ƙi barina in zauna lafiya.

Ranar da malamar tattalin arziki ta ce kowane ɗan ajin ƙarshe ya nemo asusu, dariya aka yi. Wani daga baya ya ce su da kuɗin mota ma ke gagara, me za su jefa, yawu? Malama ta ce ilimin kuɗi a hannu yake, ba a allo ba. Kowa ya riƙa ajiye abin da ya samu, ƙarshen zango a buɗe a gaban aji.

Yarinyar da ake kira Tabarau ba ta yi dariya ba. A ƙarshen zangon ne za a biya kuɗin jarrabawar fita, kuma mahaifiyarta ta riga ta ce babu. Sai ta koma zuwa makaranta a ƙafa, da yamma tana koya wa 'ya'yan maƙwabta karatu, duk sulen da ya shigo hannunta ta adana.

Mahaifinta mai walda ne, shi ya ƙera mata asusun da ragowar ƙarfe.

"Uwata," ya ce yana miƙa mata, "wannan ko ke sai kin nemi izinina kafin ki buɗe."

Hannunsa na da kyau, aiki bai yanke masa ba. Amma tun da ya fara cacar ƙwallo a waya, kuɗin aikin suka daina isowa gida. Mahaifiyarta kan ce wa dangi kasuwa ce ta yi sanyi.

* * *

Ranar buɗewa shi da kansa ya sauko mata da asusun daga kan kabad. Ya jinjina nauyinsa, ya ce lallai gidan nan an yi attajira, amma bai dube ta ba. Mahaifiyarta ta ci gaba da goge kofin da ya riga ya bushe.

* * *

A aji, Malama ta zo da almakashin yankan ƙarfe da guduma. Aka fara daga layin gaba. Mai maganar yawu ya tara abin da ya ba kowa mamaki, aka ce gobe shi zai ba Malama rance.

Tabarau ta juya nata a kan cinya, don ta ga inda ya fi sauƙin yankawa. A gindinsa akwai sabuwar walda, siririya kamar ɗinkin tela, an shafe ta da fenti. Hannu ɗaya ta sani mai irin wannan aiki. Ta girgiza asusun a hankali kusa da kunnenta. Ba ƙarar sulalla ba ce. Ƙarar guntayen ƙarfen da take sharewa a shagonsa ce ranar hutu.

Har nauyin sai da ya daidaita.

Ta san in aka yanka, Malama za ta tambayi wanda ya yi, kuma kowa a ajin ya san sana'ar mahaifinta.

"Tabarau, ki shirya, daga wannan sai ke," in ji Malama ba tare da ta ɗago ba.

Guduma ta sauka a kan asusun wata, sulalla suka watse a ƙasa, yara suka duƙa tsinta suna tafi. Tabarau ta miƙe, ta danne asusun a ƙirjinta don kada ya yi ƙara, ta bi ta ƙofar baya.