Ƙarin da Na Yi wa Rigar Thoa

Rumfata ce ta ƙarshe a layin masu sayar da koma, daga ita sai gangaren da ake tura jirage cikin kogi. Shekara ashirin da biyu ke nan ina sayar da rigunan nutso a wurin, ina kuma liƙe waɗanda suka yage. Duk gwanjo ne. Dila-dila nake ɗauko su daga birnin Vinh, kayan samarin Japan da Koriya ne da suka gama hawan igiyar teku da su suka watsar. Mu nan ba mai shiga ruwa don nishaɗi. Mazanmu suna sa su ne su sauka ƙasan bakin teku da tiyon iska a baki, su wuni suna tonon kawa, irin dodon koɗin tekun nan da ake ci, a cikin yashi, kuma kawar ta fi daraja a watannin da ruwan ya fi sanyi.

Ranar da Thoa ta zo, kwana tara ke nan iskar arewa tana kaɗawa, ga yayyafin nan da ba ya jiƙa mutum farat ɗaya, sai dai ya shige masa ƙashi. Ta turo mijinta Khiem a keken guragu, ta rufe masa ƙafafu da leda. Khiem tun yana saurayi a wurina yake sayen riga. Wata uku da rabi kafin ranar, injin iskarsa ya mutu yana can ƙasa, ya taso da sauri fiye da yadda jiki ke ɗauka. Kafin a isa da shi asibitin lardi ƙafafun sun shanye. An ce ya yi kwana shida a can bai sa komai a bakinsa ba, ya juya fuska bango.

Amma ranar da fara'arsa ya zo. Ya ce riga suke so, ta Thoa. Ita za ta riƙa sauka, shi kuma maƙwabta su ɗora shi cikin jirgi ya zauna gun injin, tiyo a hannunsa. Ya ce ta iya ruwa tun tana yarinya, sauran kuwa shi zai koya mata. Na dubi Thoa. Siririyar mace ce, ba ta da yawan magana, da can kifi take gyarawa a bakin gaɓa. Ta ce mini haka ne, sun gama shawara.

Shi ya yi zaɓen. Na sauko da na mata guda bakwai na zube masa a cinya, ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Sai ya matse robar tsakanin yatsu biyu ya saki, ya ga ko za ta dawo. Ya juya ta ciki waje, ya ɗaga hammata da tsakanin ƙafafu ya duba da hasken ƙofa, don nan ɗinki ke fara buɗewa. Ya ja zif sama da ƙasa, ya shinshina. Duk ya mayar mini. Ya ce na wasan damina ne, ba su fi fatar albasa kauri ba.

"Goggo Mien, wannan mai hannun ruwan hodar ai ko kifin da ya mutu ba zai yarda a sa masa ita ba," in ji shi. "Fito da waɗanda kike ɓoye wa masoyanki."

Na ce masoyana duk sun tsufa sun daina nutso. Ya yi dariya, Thoa ma ta ɗan murmusa. Na shiga ciki na ɗauko wata baƙa da na ajiye, ta namiji ce amma ƙarami, kaurinta ya kusa na ɗan yatsa, zif ɗinta a ƙirji, ga hula haɗe da wuya. Ya daɗe yana murza ta. Sannan ya shiga yi wa matarsa bayani kamar malami: rigar ba hana ruwa shiga take yi ba, kaɗan ne zai shiga, jiki ya ɗumama shi, ya tsaya nan. In ta yi wa mutum yawa ko da a gadon baya ne, ruwan sanyi zai riƙa shiga yana fita yana kwashe ɗumin, kafin awa ɗaya hannu ya daina riƙe komai. Dole ta kama jiki kamar fata. Ya ce ta je ta gwada, ta tsuguna, ta ɗaga hannu, in ta ji numfashi na yi mata wuya kaɗan to daidai ke nan.

Na bi ta bayan labule don in taimaka, don mai sabon shiga ba ya iya sa ta shi kaɗai. Na ɗaura mata leda a ƙafa don ta zame cikin sauƙi, muka ja ta wuce gwiwa, ta wuce cinya. Da muka zo ƙugu na sa tafin hannu a mararta zan tura robar sama, sai na tsaya. 'Ya'ya biyar na haifa. Na ɗago na dube ta, ta kau da kai.

"Wata nawa?" na tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Huɗu ya wuce."

"Ya sani?"

Ta girgiza kai. Ta ce cikin ya shiga ne kafin abin ya same shi da 'yan kwanaki, ita ma ba ta gane ba sai suna asibiti. Tun da suka dawo a ƙasa yake kwana kan katifarsa, ita da 'yarsu Ngan a ɗaki, kuma lokacin sanyi ne kowa cikin manyan riguna yake. Na ce mata mai ciki ba ta nutso, wannan ko yaran garin nan sun sani. Ta ce ita ma ta sani. Ta ce in ya ji zai hana, in ya hana kuwa ba abin da za su ci, amma ba ma wannan ne ya fi damunta ba. Ranar da ta kawo masa maganar nutson ce ranar da ya fara cin abinci da kansa. Ta ce wata biyu kawai take so, zuwa bikin sabuwar shekara, kuma ba za ta yi nisa ba, inda ruwa bai fi tsayin mutum uku ba za ta tsaya.

"Goggo, ki rufa mini asiri," ta ce. "In na mayar da shi kan katifar nan ba zai sake tashi ba."

Daga waje Khiem ya ɗaga murya yana tambaya ko mun yi barci ne. Na ja zif ɗin na rufe. Ta fito ta tsuguna, ta ɗaga hannu, ta juya. Ya ja robar a bayanta ya saki, ta yi ƙara, ya ce kamar don ita aka yi. Suka biya, na haɗa musu da safar hannu kyauta, ta tura shi suka shiga yayyafin.

Na sha ce wa kaina da na hana ta rigar, gun wani za ta je ta sayi mara kauri. Wataƙila gaskiya ne. Amma a lokacin ban yi wannan tunanin ba, kawai dai na kasa buɗe baki ne a gaban mutumin da yake dariya.

Daga rumfata ina hango gangaren. Kullum da safe maza biyu su ɗauki Khiem su aza shi cikin jirgi, a jingina shi da buhun koma. Thoa ta ɗora tsohon wando da rigar soja a kan ta nutson kamar yadda kowa ke yi don kada duwatsu su yaga ta, ta ɗaura ɗamarar dalma don ta nutsar da ita. Da la'asar su dawo da buhu biyu, wani lokaci uku. Leɓenta ya yi shuɗi, sai an ba ta koren shayi mai zafi an riƙe mata kofin. Shi kuwa muryarsa ta dawo, har ciniki yake da dillalai yana zaginsu cikin raha.

Bayan sati uku ta zo ita kaɗai da rigar a leda. Ta ce tana matse ta har amai take ji. Na sake yi mata magana, ina gamawa ta miƙo ledar. Na farke gefe biyu, na yanko baƙar roba daga wata tsohuwar riga, faɗin yatsa biyu kowane gefe, na liƙe da gam, na bi da ɗinki ta ciki yadda ba zai nuna ba. Bayan wata sati uku ta dawo, na ƙara faɗin yatsa uku. A wannan karon na ce mata shi ne na ƙarshe, in ta sake zuwa ni da kaina zan je in gaya masa. Ta ce saura kwana goma sha biyu biki.

Saura kwana biyar aka yi sanyin da har shanu suka riƙa mutuwa a kan tudu. Jirage kaɗan ne suka fita, amma kawa ta yi tsada saboda bikin, nasu yana cikin waɗanda suka fita. Wajen azahar na ji ana kira daga gangare. Khiem ne ya tuƙo jirgin da kansa yana zaune a ƙasa, ya bugo shi kan yashi. Thoa tana kwance a naɗe, ta riƙe ciki. Ya ce ta ja tiyo sau uku, alamar a fito da ita, ya jawo ta da hannuwansa. Mata suka taru, wata ta ce a cire mata rigar, ba ta ciruwa. Na koma da gudu na ɗauko almakashina na tsarge ta daga wuya har gwiwa. Abin da ke ciki duk wanda ke wurin ya gani.

A babur mai ɗaukar kifi aka kai ta asibitin gunduma. Ɗan ya zo kafin yamma, namiji, bai fi tafin hannuna biyu ba. Ma'aikaciyar ta ce ya yi numfashi kusan awa ɗaya. Thoa ta zubar da jini da yawa, ta yi kwana tara a kwance, bikin ma a can ya same ta. Yayan Khiem ne ya binne yaron a bayan gonar itatuwan da ke tare iska, inda ake binne waɗanda ba a raɗa wa suna ba.

Na rufe rumfa duk kwanakin bikin da sati ɗaya bayansa. Ranar da na buɗe, da hantsi, sai ga Khiem ya turo kekensa da kansa, tayoyin duk taɓo. Na san zai zo. Na miƙe tsaye na jira abin da zai ce. Ya tsaya a bakin rumfar ya daɗe yana kallon rigunan da ke rataye. Na zuba masa shayi, bai taɓa ba. Sai na ce masa na san da cikin tun ranar farko, ni na yi mata ƙari har sau biyu, duk abin da zai faɗa mini ya faɗa.

"Na ga ƙarin, Goggo," ya ce.

Ban gane ba, na ce ranar da na tsarge rigar yake nufi.

"Tun na farkon. Ni nake wanke mata rigar kullum in shanya. Ni da nake gane ɗinkinki ko ido a rufe." Ya sa hannu ya gyara ƙafarsa da ta zame daga matakin keken. "Na ƙirga watannin a kaina. Na ce gobe zan yi magana. Gobe ta yi, aka ɗora ni a jirgi, na ji injin yana aiki a hannuna, na ce sai jibi."

Bai yi kuka ba. Ya ce ranar sanyin ma ita ta ce ko su haƙura, shi ya ce ai rigar mai kauri ce. Ya ce tun da ta dawo gida kullum sai ta durƙusa gaban katifarsa tana roƙon ya yafe mata ɓoye masan da ta yi, tana cewa ta kashe masa ɗa. Na tambaye shi me yake ce mata. Ya ce yana ce mata ya yafe.

Na ce ya gaya mata gaskiya, nauyin ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ya ce in ta ji ya sani kuma ya bar ta tana sauka, ba za ta iya kallonsa ba, za ta ɗauki Ngan ta koma gidansu, shi kuma ko ban ɗaki ba ya iya zuwa sai da ita. Ya faɗi haka yana kallona ido cikin ido, bai nemi ya gyara maganar ba. Sannan ya roƙe ni kada in faɗa mata. Ya ce dole ce ta sa ya gaya wa wani, kuma ni kaɗai ce ba ni da bakin zaginsa.

Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Ya juya kekensa, tayar ta maƙale a kwata, na fito na tura shi har kan titi.

Shekara biyu ke nan. Thoa ta koma ruwa bayan wata uku, da wata riga da ta sayo a Vinh, ba ta sake taka rumfata ba, ko da yake tana gaishe ni in mun haɗu. Likita ya ce ba za ta ƙara haihuwa ba. Ran ɗaya da ran sha biyar ga kowane wata tana zuwa bayan gonar itatuwan da turaren tsinke da ɗan kwalin madara. Matan layinmu suna yabon Khiem, suna cewa samun namiji mai haƙurinsa sai an tona, ko sau ɗaya bai taɓa goranta mata ba. In suna faɗa ina ci gaba da ɗinkina. Sau biyu na tashi da niyyar zuwa gidansu, sau biyun a shagon mai gyaran babur na tsaya, na tambaye shi abin da ba na buƙata, na dawo.