Muryar Laure a Ƙarƙashin Sitiyari

Duk wanda ya hau motar haya tsakanin Karaye da Rogo a 'yan shekarun nan ya san Laure, ko da bai taɓa ganin gefen mayafinta ba. Ana cikin tafiya, rana ta take, fasinja kowa ya langaɓe, sai ka ji muryar mace ta fito daga ƙarƙashin sitiyari, a hankali, ba hayaniya: "Malam, kar ka yi barci. Ina jiranka." Direba ya yi firgigit ya gyara zama. To ita ce Laure, matar Sunusi mai gyaran wayar mota na bakin tashar Karaye. Ta daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙanta.

Sunusi direba ne a da, mai ɗaukar gyaɗa daga Ruwan Bago zuwa Kano, kuma gyangyaɗi ne ciwonsa. Laure kuwa mace ce mai kunya, irin waɗanda muryarsu ba ta tsallake katanga. Duk zaman da suka yi ba ta taɓa kama sunansa ba. Da ya saya mata waya, sau ɗaya tak ta tura masa saƙon murya, shi ma 'yarsu Mas'uda ce ta danna mata, ita tana rufe fuska tana dariya. Wannan 'yar maganar ce kaɗai ta rage masa da zazzaɓi ya ɗauke ta.

Bayan rasuwar sai ya ajiye tuƙi ya zauna cikin wayoyi. Abin da ya lura da shi tun yana kan hanya shi ne, direba mai ido biyu hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana ɗan murza sitiyari, hagu kaɗan, dama kaɗan, ko bai sani ba. Wanda barci ya fara sata kuwa, hannun sai ya mutu tsit, can kuma ya fizga. Sunusi ya fasa tsohuwar waya ya ciro ɗan abin nan mai jin motsi, ya haɗa shi da 'yar lasifika a cikin akwatin da bai fi sabulun wanki ba. Akwatin ba abin da yake yi sai sauraron hannun direba.

Da farko ƙara ya sa masa. Ina! Mutumin da ya tsufa cikin hon, ƙara ce za ta tashe shi? Ya gwada kukan zakara, direbobi suka yi ta dariya. Sai wata rana ya ɗora muryar Laure, don gwaji kawai, da niyyar in ya samu wata ya canja. Direban da aka gwada a motarsa ya dawo yana rantsuwa cewa sai da tsikar jikinsa ta tashi, ya ce ji ya yi kamar uwar 'ya'yansa ce a kujerar baya.

Da Laure ta shekara da rasuwa, Sunusi ya yi shawara da Malam Abdulmumini na Kurugu da ke zaune a Rogo, malamin da ya yi mata salla. Malam ya ce ai babu sadakar da ta fi wadda take gudana, duk rayuwar da abin nan ya tsare, ladan na isa kabarinta. Sunusi ya ji daɗin maganar har cikin ransa. Ya kuma yi abin yadda aka saba yin duk wani abu mai daraja. Ranar kasuwar Rogo ya tara mai unguwa da malamai da direbobi, aka raba goro, aka yi addu'a. Ya kwance akwatin a gaban jama'a, ya nuna waya ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk mai so ya haɗa nasa, fisabilillahi. Samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Wani ya tambaya muryar wace ce, shi kuma bawan Allah, zuciya ta cika, ya ce, "Ta mai ɗakina ce, Laure." Baki shi kan yanka wuya.

Kafin damina ta zagayo, masu gyaran waya a Kano sun koya. Kowa na haɗa nasa, muryar kuwa daga waya zuwa waya take tsallakawa, ba wanda ya ga dalilin canjawa tunda tana aiki. Sunan da Sunusi ya raɗa wa akwatin, Hattara, ko kare bai ɗauka ba. Laure kowa ke cewa. "An sa maka Laure?" "Laurena ta lalace."

To ka san bakin tasha. Ba a daɗe ba aka samo amsa. Da ta ce "Ina jiranka," sai direba ya kashe murya ya ce, "Ga ni nan tafe, amarya!" Mota ta kwashe da dariya. 'Yan kamasho suka mai da shi gaisuwa: "Kai, ya Laure ta kwana?" Wasu abin da suke ƙarawa ba ya faɗuwa. Matar da ko sunan mijinta ba ta iya faɗa, ga ta nan tana ce wa kowane ƙato mai jan ido tana jiransa. Sunusi na zaune a rumfarsa yana ji, kansa a ƙasa, yana ta murɗa wayar da ba ta bukatar murɗawa.

Ya daure, don yana ganin sadaka ce. Ranar da haƙurin ya ƙare ita ce ranar da Mas'uda ta shigo rumfar da goyo, ƙafafunta buɗu-buɗu da ƙura. Daga gidan mijinta a Daura ta Karaye ta taso, aka yi wannan wasan a motar, ta ce a sauke ta a tsakiyar hanya, ta ƙarasa a ƙasa. Ko gaisuwar kirki ba ta iya yi ba. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ni na danna mata wayar nan. Don Allah ka karɓo mana Inna."

Washegari ya sami Alhaji Lukumanu, shugaban direbobin tashar, tsohon abokin tuƙinsa. Alhaji ya saurara, ya yi salati, ya ce, "Wallahi Malam Sunusi abin na damuna. Amma in na ce kowa ya cire, sai su ce da wane iko, kayansu ne, a Kano suka haɗo. Ka samo takardar gwamnati, irin wadda ake ba wa wanda ya ƙirƙiro abu, mai cewa ba mai haɗa akwatin nan sai da izininka. In lauyan ƙungiya ya duba ya ga ta zauna, ni da kaina zan bi tasha-tasha, duk motar da ba ta canja murya ba ba za ta yi lodi ba."

Sunusi har da murmushi. Wannan ai mai sauƙi ne. A garin nan da me ake tabbatar da gona? Da shaidu. Aure fa? Shaidu. Shi kuwa kasuwar Rogo ce gaba ɗaya shaidarsa. Ya bi samari ya tattaro bidiyon ranar, ya sa aka wanke masa babbar rigarsa, ya kama hanyar Kano.

An kwatanta masa ofishin wata lauya da ta san harkar, Barista Munawwara. Ta karɓe shi da mutunci, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida, aka kawo ruwa. Ya ajiye akwatin a kan teburinta ya yi bayani. Ta juya shi, ta yi tambayoyi, kuma ya ga alamar abin ya burge ta.

"Baba, bari in raba maka maganar," in ji ta. "Dabarar a lura da direba a tashe shi in ya yi barci, wannan ba ta mallakuwa. Kowace fasinja mai tsoron ranta tana yi."

"Haka ne. Marigayiya ma aikinta ke nan in muna tafe."

"Amma yadda ka haɗa akwatin, yadda yake gane mutuwar hannu, wannan ana iya nema masa takarda. Sharaɗin farko dai, sai in sabo ne."

"Sabo ne fil, 'yar nan! Ni na ƙago shi, ban gani a wurin kowa ba. Kuma ba da baki kawai na zo ba." Ya zaro waya yana rawar jiki ya miƙa mata. "Duba. Ga mai unguwa, ga Malam Abdulmumini. Ga ni nan ina kwancewa ina nuna wa kowa. In kina son mutum ɗari su zo su dafa Alƙur'ani, gobe sai in kawo."

Barista ta kalli bidiyon har ƙarshe. Fuskarta ta canja. Ta tambaye shi yaushe aka yi taron, ya ce an fi shekara biyu. Ta tambaya ko kafin ranar ya shigar da wata takarda a wani ofishi. Ya ce wace takarda, ga mutane?

Ta ajiye wayar a hankali. "Baba, sabo a bakin doka ba shi ne wanda kai ka fara yi ba. Shi ne wanda duniya ba ta riga ta gani ba ranar da ka nemi takarda. Da a ɗaki ka ɓoye shi ka zo nan tukuna, da muna da magana. Ranar da ka kwance shi a kasuwa, ranar ya zama na kowa."

Sunusi ya jira ta ƙarasa, don bai ga inda matsalar take ba. "To ai shaidun..."

"Shaidun su ne suka kashe maganar. Kowane mutum a bidiyon nan shaida ne cewa ka bayar. Ko an buga maka hatimi a Abuja, duk wanda ya ja da kai, wannan bidiyon kaɗai zai nuna a rushe takardar. Lauyan ƙungiyarku ma abin da zai fara tambaya ke nan. Ba zan yaudare ka ba."

Kai, duniya! Mutum ya yi abu a fili don kada a ce ya yi ɓoye-ɓoye, ashe ɓoyewar ake so. Sunusi ya jawo akwatin gabansa. Ya ce shi fa ba akwatin ne damuwarsa ba, su riƙe, ya yafe. Muryar yake so. Ya danna ya kunna mata, karo na farko da ya yi haka da hannunsa a gaban baƙo tun ranar kasuwa.

Barista ta sunkuyar da kai har maganar ta ƙare. Ta ce murya hanyarta daban, ana iya zuwa kotu, amma da wa? Ba kamfani ɗaya ba ne. Masu haɗawa sun fi a ƙirga, kowa a 'yar rumfarsa, kuma muryar tana cikin wayar duk wanda ya so. Ga shi kuma a bidiyon an ji shi da bakinsa yana cewa fisabilillahi. "Allah ya jiƙanta, Baba," ta ce. Ta rako shi har bakin ƙofa.

Bai iya komawa Karaye kai tsaye ba, don Mas'uda na can tana jira. Ya shiga motar Rogo, wai ya fara biyawa ta wurin Malam ko ya ji sanyi, ko da yake ya san amsar, an sha faɗa a wa'azi cewa ba a komawa kan kyauta. Aka ba shi gidan gaba saboda furfura. Direban bai san shi ba. Idanunsa jajur, da gani tun asuba yake jigila. A ƙarƙashin sitiyari ga akwati, haɗin Kano, an naɗe shi da salatif.

Sun yi nisa, la'asar ta kawo jiki, sai ta yi magana. "Malam, kar ka yi barci. Ina jiranka." Zuciyar Sunusi ta buga kamar kullum.

"Ga ni nan tafe, amarya," in ji direba, ko dariya bai yi ba, ko ido bai ƙara buɗewa ba. A baya ma ba wanda ya yi dariya. Wasan ya tsufa.

Sunusi yana da filaya a aljihu, kuma ya san wayar da zai cire, ja ce. Har ya sa hannu a aljihun. Ya waiwaya ya ga mata da yara cunkushe a baya, wata tsohuwa rungume da kaza. Ya fito da hannunsa wayam.

"Ɗana, tana tashe ka kuwa?"

"Wa, Laure? Da dai, Baba. Farkon fitowarta har gabana faɗuwa yake. Yanzu mun saba. Kamar kukan injin ce, in ba ta yi ba ne ma nake jin wani iri."

Sunusi ya kalli akwatin. Ashe ladan ma ya fara ƙafewa. Ya ga kan direban yana rinjaya, sai ya shiga jansa da hira, dole. Ya tambaye shi garinsu, ya tambaye shi kuɗin mai, ya ba shi labarin ramukan hanyar Ruwan Bago da wata tirela da ta taɓa kifewa da buhunan gyaɗa. Ya ɓare goro ya miƙa masa. Hira ta yi hira, har suna musu kan wane kwana ne ya fi haɗari kafin a shiga Rogo.

Suna cikin musun tsohuwar nan ta baya ta taɓo kafaɗar direba. "Kai ɗan nan, ka kula mana. Baiwar Allahn nan sau biyu ke nan tana maka magana."

Sunusi ya tsaya da bakinsa a buɗe. Ya juya ya kalli tsohuwar. "Ta yi magana?"

"Yanzu-yanzun nan ma. Kai ba ka ji ba, Malam? Ai a gaban gwiwarka take."

Bai ji ba. Ya lalubi kunnensa da zuciyarsa, babu komai, sai ƙarar taya da ɗacin goro. Ya matsa kusa da akwatin ya kasa kunne, yana roƙon Allah a ransa ta sake, ya ga ko gabansa zai faɗi. Amma hirar ta wartsakar da direba, hannunsa na ta murza sitiyari, hagu kaɗan, dama kaɗan. Har suka shiga tashar Rogo Laure ba ta ƙara cewa komai ba.